Wata takwas da haihuwa har yanzu ban ga al'ada ba, ko lafiya?

Tambaya: Salam Anti Nas, ni daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Yarona wata takwas, har yau ban ga al'adata ba tunda jinin biki ya ɗauke, abokiyar zamana kuma ita wata uku ta ga tata. Ya fara shan koko amma yana shan nono sosai. Uwar mijina tace in kwantar da hankali, in dai ban ga jini ba ciki ba zai shiga ba. Dan Allah haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana shi. Lafiyarki ƙalau in sha Allah, wannan aikin nono ne. Duk sanda yaro ya kama nono ya tsotsa, jikinki na sakin wani sinadari da ake kira furolaktin, shi ke kawo ruwan nono, kuma shi ne dai ke danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai cewa ta saki ƙwai. In ƙwai bai fita ba al'ada sai ta yi jinkiri. Macen da bata shayarwa galibi sati 6 zuwa 8 take ganin tata, mai shayarwa kuwa wata wata uku, wata shekara, wata ma sai ta yaye, kowa da jikinta kuma kowa da yadda ɗanta ke tsotso, musamman na dare, don haka kar ki auna kanki da abokiyar zamanki.

To amma maganar Inna, a yi haƙuri, rabinta ne daidai, kuma ɗaya rabin shi ke jefa matanmu cikin kwanika. Ƙwai shi ke riga jini fita, kamar da sati biyu. Kinga kenan ƙwan farko zai iya fita ki ɗau ciki baki taɓa ganin ko ɗigo ba, kina nan kina jiran al'ada ashe ciki ya yi wata uku, sai kasala da tashin zuciya, wlh mun sha ganin haka a ɗakin awo, mace ta zo da goyo a baya tana cewa zazzaɓi ne.

Shayarwa na hana ɗaukar ciki da gaske, kusan kashi 98 cikin 100, amma fa sai abu uku sun haɗu a lokaci ɗaya: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba koko ba madarar shanu, kar a wuce awa 4 da rana ko awa 6 da dare bai sha ba, sannan al'ada bata dawo ba. A ƙauyukanmu ko na biyun ma da wuya ya cika, saboda in zafi ya yi sai kaka tace yaro na jin ƙishi a ɗura masa ruwa, ko uwa ta tafi gona ko surfe ta bar shi wajen yayarsa. Ke kuma naki ya kai wata takwas ya fara koko, wanda daidai ne a shekarunsa, to wannan kariyar ta riga ta yi rauni.

Shawarata ki samu maigida ku yi magana, ki je asibitin da ke kusa da ku a fara yi miki gwajin fitsari. In ba ciki sai a nuna miki hanyoyin tazarar haihuwa da basa taɓa nono, akwai allurar wata uku, akwai ashanar hannu, wato ɗan siririn abu kamar ashana da ake sawa ƙarƙashin fatar dantse, akwai robar mahaifa. Kar ki sayi ƙwaya a kemis da kanki, wasu suna rage ruwan nono. Likitoci na son mace ta huta shekara 2 kafin wani cikin, jininki ya dawo shi ma yaro ya sha nononsa ya ƙoshi.

In al'adar ta dawo kar ki tsorata in ta zo a rikice watannin farko, kuma ki ci gaba da ba shi nono, jinin al'ada baya ɓata nono. Amma in jini ya ɓalle yana jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko yana wari, ko da zazzaɓi da ciwon mara, wannan ba na jira bane, a kai ki asibiti a ranar.