Filin Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Fohan Ya Makara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata biyu ina buga tanis, da hannun dama nake wasa. Lokacin ɗumama jiki fohan ɗina (bugun da ake yi ta ɓangaren hannun da ke riƙe da raket, wato sandar buga ƙwallon) lafiya lau, amma da an fara ƙirga maki sai ƙwallon ta riƙa zarce layin baya, ko ta kauce ta dama. Abokin wasana ya ce hannuna ne ba ƙarfi. Haka ne? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka bai canka daidai ba. Hannu marar ƙarfi ba ya tura ƙwallo ta wuce layi. Abin da ka bayyana alamar makara ce. Idan mai hannun dama ya tari ƙwallon bayan ta iso gefen jikinsa, fuskar raket ba ta gama juyowa ba, tana kallon dama kuma ta ɗan buɗe sama. Ina ƙwallon za ta nufa in ba can ba?

Lokacin ɗumama jiki, hannunka ake kawo wa ƙwallon. A wasa kuwa guje maka ake yi da ita. Tsawon filin mita 23.77 ne, kuma ƙwallon da aka buga da ɗan ƙarfi ba ta cika daƙiƙa biyu kafin ta iso ka. Yawancin masu koyo sai ta dira a ɓangarensu sannan su fara jan raket baya, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

A daidai lokacin da abokin karawa zai bugi ƙwallon, ka yi ɗan tsalle kaɗan ka sauka a kan yatsun ƙafa, ƙafafu a ware, gwiwoyi a lanƙwashe. Da ka ga ta nufo damanka, ka juya kafaɗu da ƙugu tare, hannun hagu yana riƙe da wuyan raket, har kafaɗar hagu ta fuskanci raga. Wannan juyin shi ke kai raket baya, ba jan hannu ba, kuma dole ya kammala kafin ƙwallon ta taɓa ƙasa a ɓangarenka. Idan abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga wannan amsa, to ka ɗauki wannan.

Daga nan ka saki hannun hagu ka miƙa shi gefe. Ka bar kan raket ya sauko ƙasa da tsayin ƙwallon da kamar santimita 30, gindin ƙota yana kallon ƙwallon. Ƙafar dama ce ke fara turawa, ƙugu ya bi, ƙirji ya bi, hannu shi ne na ƙarshe. Ka haɗu da ƙwallon a gaban ƙugunka na gaba, tazarar santimita 30 zuwa 40, tsakanin ƙugu da ƙirji. Raket ya ci gaba da tafiya gaba da sama har ya ƙare a kan kafaɗar hagu, gwiwar hannun dama tana nuna raga, diddigen ƙafar dama ya ɗaga. Wanda ya gama bugu diddigensa na manne da ƙasa, da hannu kaɗai ya buga.

Akwai wani kuskure da ke tafiya tare da makara, wato cunkushe ƙwallo. Mutum ya ruga da manyan taku har ya faɗa mata, gwiwar hannu ta maƙale a haƙarƙari. Manyan taku na isa wurin ne, biyu ko ukun ƙarshe ƙanana ne, na daidaita tazara.

Atisayen da muke ba da shawara ba ya buƙatar kuɗi. Duk lokacin da ƙwallon ta taɓa ƙasa ka ce "dira" da ƙarfi, lokacin haɗuwa ka ce "buga". Idan ka ce "dira" kafaɗunka ba su juya ba, ka kama ɓarawon. Sannan ka ajiye raket, abokinka ya jefo maka ƙwallo 20, ka juya ka cafe kowace da hannun dama a daidai inda ya kamata raket ya same ta. In kana da bango, ka ja layi da alli a tsayin santimita 91, wato tsayin tsakiyar raga, ka riƙa auna mita ɗaya sama da layin na minti goma. Kada ka yi da ƙarfi, bango ba ya gajiya kuma ba ya kuskure, zai koya maka gaggawa in ka biye masa.

Tambaya: Ina ganin manyan 'yan wasa a talabijin, ƙwallonsu tana hawa sama da raga sosai sannan ta nutso cikin fili. An ce sirrin yana wajen riƙo. Yaya ake yin riƙon? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, rabin magana aka gaya maka. Abin da ke nutsar da ƙwallon shi ne juyin gaba: zaren raket ya goge bayanta daga ƙasa zuwa sama, sai ta tafi tana mirginawa, iska ta danno ta ƙasa. Riƙo yana sauƙaƙa wannan gugar ne kawai.

Ƙotar raket fuska takwas gare ta. Ka tsayar da raket a kan gefensa kamar za ka sara da gatari. Fuskar da ke sama ita ce ta 1, sai ka ƙirga zuwa dama. Abin lura shi ne inda gaɓar tushen ɗan yatsanka manuni ta zauna. A fuska ta 2, riƙon sabis ne, wato bugun fara wasa, da bugun kusa da raga, bai dace da fohan na zamani ba. A ta 3 shi ne istan, wanda za ka samu in ka ɗora tafin hannu a kan zare ka zame shi zuwa ƙota. A ta 4 shi ne rabin westan, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka kwantar da raket a ƙasa ka ɗauke shi yadda hannu ya faɗa. Ta 5 cikakken westan ne. Bahago zai ƙirga zuwa hagu.

Roger Federer, kafin ya yi ritaya a 2022, kusa da istan yake riƙewa, Novak Djokovic kuma rabin westan. Rafael Nadal, da ya ci gasar Faransa sau 14 a filin jar ƙasa inda ƙwallo ke tashi sama, kafin ya yi ritaya a 2024 yakan ƙare bugunsa da raket a saman kai. Kada ka kwaikwayi wannan tukuna, ƙarshen bugu ne kake gani, ba abin da ya haifar da shi ba.

Mu a ganinmu rabin westan ya fi dacewa da kai. Filayen da aka fi samu a Arewa masu tauri ne, kuma da zafin rana ƙwallo takan yi tsalle har ƙirji, inda istan ke wahala. Sai dai ka shirya: makonnin farko cikin raga za ka riƙa buga ƙwallo, domin fuskar raket ta rufe. Maganin shi ne ka ƙara sauke kan raket, ka tare ta a gaba fiye da da, ka kuma durƙusa sosai wa ƙwallon da ta zo ƙasa-ƙasa. Kada ka tsallake fuska biyu a lokaci guda. Kuma ka manta da maganar murɗa wuyan hannu a kan ƙwallon. Zamanta a kan zare kusan kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa ne, kafin ka murɗa ta daɗe da tafiya.

Tambaya: Gwiwar hannuna tana ciwo ta ciki bayan wasa, musamman in na yawaita fohan. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ciwon ciki-ciki na gwiwar hannu yakan biyo fohan da sabis, na waje kuma ya fi bin bakhan, wato bugun ɗaya ɓangaren. Ka duba abu huɗu. Makara ita ce ta farko, domin hannun da aka bari a baya shi ke shan dukan da jiki duka ya kamata ya raba. Sai matse ƙota: in matsi mafi ƙarfi 10 ne, 3 ko 4 ya isa. Sai girman ƙotar, ka riƙe ta ka ga ko manunin ɗaya hannun zai shiga tsakanin yatsunka da tudun tafi. In bai shiga ba ta yi maka ƙanƙanta, ka ƙara naɗi. Sai zare. Na foliyesta yana da tauri, kuma in ya tsufa ya fi cutarwa. Ka koma na nailan mai laushi, ka ce wa mai ɗaurin ya rage kilo ɗaya ko biyu. Yawancin raket tsakanin kilo 22 da 26 ake ɗaure su, kuma akan rubuta iyakar a jikin raket ɗin. Ka huta da wasa. In ciwon ya wuce mako biyu, ko yatsu suka fara mutuwa, ka ga likita.

Tambaya: 'Yata mai shekara takwas tana koyo da raket ɗin babanta, amma kullum sai ta ɗaga hannu sama da kai take bugun ƙwallo. (Uwa daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, laifin kayan ne, ba na yarinyar ba. Raket ɗin manya inci 27 ne, ita na inci 23 ko 25 take buƙata. Ta tsaya ta saki hannu da raket ɗin a gefenta, in kansa na jan ƙasa ya yi mata tsawo. Ƙwallon manya kuma tsallenta ya wuce kafaɗarta, shi ya sa take kai mata duka daga sama, kuma in ta saba zai yi wuyar gyara. Hukumar tanis ta duniya ta tsara ƙwallayen yara kala uku: ja mafi laushi, mai ruwan lemo da gudunta ya ragu da kusan rabi, sai koriya da ta ragu da kusan kwata. A nema mata mai ruwan lemo, a taƙaita mata filin zuwa mita 18, a riƙa jefa mata da hannu yadda za ta tashi daidai ƙugunta. In an ga tana mayar da goma a jere tana juya kafaɗu, sai a gwada ta da koriya.