Tambaya da Amsa: Fim ɗin 'yan tsana na Kirsimeti

Tambaya: Yarana sun kalli wani tsohon fim ɗin Kirsimeti na 'yan tsana, mai gajerun mutane masu ɓoye zinare. Daga ina labarin ya fito, kuma za mu iya gwada irinsa a gida? Wata uwa, Sabon Gari, Kano.

Amsa: Malama, da alama The Leprechauns' Christmas Gold suka kalla, na kamfanin Rankin/Bass, wanda tashar ABC ta Amurka ta nuna a 1981. Tushensa tatsuniyoyin ƙasar Ailan ne: lefirkon gajerun aljanu ne masu ɗinkin takalma da ɓoye tukunyar zinare, banshi kuwa aljana ce da kukanta ke nuna mutuwa ta kusa.

Aikin hannu ne zalla. A motsa 'yar tsana kaɗan, a ɗauki hoto, a sake motsawa; in aka nuna hotunan a jere da sauri, sai a ga kamar tana motsi da kanta. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa. A gida 12 sun wadatar, wato hoto 720 a minti ɗaya.

Ki murɗa wayar alminiyam biyu ki yi ƙashin jiki, ki lulluɓe da soso da ƙyalle. Ƙafa ce ke ɓata aiki: in ba ki kafe ta a jikin allo da ƙusa ba, za ta riƙa zamewa tsakanin hoto da hoto. Ki ɗaure salular da za ki ɗauki hoton da ita ta zauna cak. Ki rufe tagogi, ki kunna fitila mai caji, domin rana na gusawa, wutar NEPA kuma na hawa da sauka, sai hoton ya riƙa ƙyaftawa.