Lagireton tirela ba da ido ake sayensa ba

Jiya da la'asar ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na ce mai tirelar nan ya mayar da sabon lagireton da ya kawo, alhali yana ta ƙyalli kuma tsawonsa ɗaya da tsohon. Lokacin hannuna na cikin baƙin mai. Yanzu zauna ka ji.

Tsawo da faɗi sun yi daidai, gaskiyarka. Kauri ne bai kai ba. Da ka leƙa ta bakin tiyon sama da ka ga layin bututu biyu ne a ciki, wanda muka kwance kuwa huɗu gare shi. Motar nan siminti take ɗauka daga Kalambaina, buhu 600, tan 30 ke nan, ga Afrilu tafe, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Iskar da za ta sanyaya ruwan ita kanta da zafinta take zuwa. Mai layi biyu lafiya lau zai yi a nan gareji. Sai an yi lodi an miƙi hanyar Gusau allurar zafin inji ta hau ja, direba ya ce bari ya lallaɓa zuwa Talata Mafara, gasket ya ƙone. Rarar da mai mota ya samu ba za ta biya ko kuɗin buɗe injin ba.

In za ka kasuwa, tafi da lambar da ke jikin tsohon, in ta goge ɗauki tsohon kansa. Duba inda bakunan tiyo suka fuskanta da ramukan ƙusoshi. Na alminiyam mai tankin roba ba shi da nauyi kuma yana sanyaya ruwa sosai, amma in robar ta tsage faci ba ya daɗewa. Ni ga motar da ke kwana a hanya na fi son na tagulla, don ko a Illela ya huje za a sami mai dalma. Na hannu kuwa, wato na Kwatano, toshe bakunansa, hura iska, tsoma shi a ruwa. Ka ga kumfa, bar musu kayansu.

Kafin ka ɗora sabo, nemo abin da ya kashe tsohon. Girgiza fanka ka ji ko famfon ruwa ya yi lako-lako, taɓa fambel. Ka tuna farin ɓawon da muka ƙanƙare jiya, irin na gindin tukunyar mai shayi? Aikin ruwan rijiyar burtsatse ne, shi ke toshe bututun. A wanke cikin injin sai ruwa ya fito garau, sannan a zuba ruwa mai kyau rabi, maganin lagireto rabi.

Wurin ɗaurawa yara suka fi ba ni haushi. Robobin nan na gindi da kuke wurgarwa su ke shanye jijjiga. Ka ɗaure ƙarfe kan ƙarfe, gargada za ta tsage shi. Mayar da rumfar fanka, don ita ke sa iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta zille ta gefe, sannan juya fankar da hannu ka tabbata ba ta gogar komai. Tiyo sabo, marfi sabo. Marfin nan da ka raina, in mai riƙe matsin "bar" 1 ne, yana hana ruwa tafasa har wajen digiri 120. Tamostat kuma, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ko direba ya roƙe ka kada ka cire.

Zuba ruwan a hankali, tayar da inji ya ɗau zafi iska ta fita, bari ya huce ka ƙara. Ya huce na ce. Dubi wannan tabon a damtsena, marfi na buɗe da zafinsa ina kamar shekarunka.

Gobe da sassafe ka zo da tef, kai za ka auna wanda zai kawo.