Ruwan Benis bai ci mu ba tukuna

Malam, na ga bidiyon da ka turo na mutane suna ratsa ruwa har gwiwa, da tambayar da ka maƙala a ƙasa: wai me ya zaunar da Bahaushe a Benis ta Italiya, garin da ke nutsewa. Bidiyon tsoho ne, na ambaliyar 12 ga Nuwamban 2019. Ina nan aka yi ta. Ruwa ya kai santimita 187 a ma'auninsu, rabon da a ga irinsa tun 1966. Aikin dare nake a wani masauki, muka kwana kinkimar katifu da firji zuwa bene, jiniya tana ta kuka. A kan matakala na yi Asuba, don ƙasa duk ruwan gishiri ne da ƙazantar kwata.

Yawancinmu ma ba a cikin ruwan muke kwana ba. Muna Mestre da Marghera, kan tudu, kullum mu ƙetare gada mai kusan kilomita 4 mu je neman abinci. Hayar tsohon garin ta gagare mu, ta gagari masu garin su kansu: a 1951 sun kai wajen dubu 175, yau ba su cika dubu 50 ba. Kuma kada ka zaci garin yawo yake kamar kwale-kwale. Tsibirai ne fiye da 100, kakanninsu suka kakkafa gumagumai cikin taɓo suka ɗora dutse a kai, itacen bai ruɓe ba tunda iska ba ta kai masa. Gishiri ne ke cin garin. Ruwa zai janye, shi ya tsaya cikin bulo yana hawa, ka shafa bango ya zubo maka a hannu kamar garin tuwo. Ƙasar ta lotsa, har da laifin masana'antun Marghera da suka daɗe suna zuƙe ruwan ƙarƙashinta a da, teku kuma sai ƙaruwa yake. Tun Oktoban 2020 dai ana ɗaga MOSE, ƙofofin ƙarfe 78 da ke kwance a mashigai uku da ruwan teku ke bi ya shigo. A hura musu iska, su miƙe su tare tekun. Takalmin robana ya jima a rataye.

Amma na san ba wannan ruwan ne ya sa ka rubuto ba. Auren ɗiyata ne.

E, Bature ne, ɗan masuntan Pellestrina, tsibirin da ya fi shan wuya a wancan daren. Ya musulunta, ya biya sadaki, an raba goro, liman ya ɗaura. Me ya rage? Da ya zo gaishe ni ya durƙusa har ƙasa, abin da na ga 'ya'yan wasu a gida sun daina. Mahaifiyarsa, wadda ruwa ya lalata wa ɗakin girki, yanzu ba ta da magana sai ta wainar uwargidana.

Batun cewa Hausar yarana ta karye kuwa, ba Italiya ta karya ta ba. Kakana ya bar Katsina da jakuna a fataucin goro, ya zauna Salaga ta ƙasar Gana, mahaifina aka haifa a Zangon Kumasi, inda ake ce wa mace "ya zo" ba wanda ya ɗaga kai. Ni da rediyo na gyara tawa, duk da haka da na je Kano a kasuwa aka tambaye ni daga ina. A Kumasi baƙi, a nan baƙi, ku ma sai kun yi mana jarrabawa.

Jikata tana da ɗan takalmin roba ruwan ɗorawa. Da ta ji jiniya sai ta sheƙo da gudu tana cewa "Kaka, ruwa ya zo." Kukar miyar da ka yi alkawari tun azumin bara dai har yau shiru.