Tambaya da Amsa: Wace Laftof Ta Hannu Zan Saya da Ɗan Kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ina zaune a Yelwa, Bauchi. Na haɗa naira 250,000 daga adashi da ɗan taimakon yayana, ina son laftof ta hannu domin rubuta aikin kammala karatu da koyon Excel da SPSS. Mai shago ya nuna mini guda biyu: ɗaya Core i7 mai rumbun ajiya 1TB, ɗayar kuma Core i5 mai rumbun ajiya irin na SSD 256GB, ya ce i7 ɗin ta fi ƙarfi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da mai shagon ya faɗa miki rabin magana ne, domin tambarin i7 da aka manna a gefen madannai ba ya nuna shekarun na'urar, alhali shekarun su ne suka fi muhimmanci. Kamfanin Intel yana fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin na'urar, zubi bayan zubi, abin da masu shago ke kira janareshan, kuma lambar da ke bin sunan ita ce ke tona asiri. Idan kika ga i7-4600U, lamba 4 ta farko tana nufin zubi na huɗu, wanda ya fito a 2013. Idan kika ga i5-8250U, zubi na takwas ne na 2017, mai cibiyoyin aiki huɗu, yayin da waccan i7 ɗin biyu kacal gare ta. Ke nan ƙaramar a suna ta girmi babbar a aiki. Kada ki yarda da takardar da aka liƙa. Ki kunna na'urar, ki danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ki shiga Performance, za ki ga cikakken sunan furosesa da adadin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'urar ke aiki da ita, da idonki.

Akwai wani dalilin da ya sa nake nacewa a kan zubi na takwas. Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta ga kowa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa. Masu gyara suna iya cusa ta a tsohuwar na'ura ta bayan fage, za ta kuma yi aiki, amma ba abin da za a dogara da shi shekara uku ko huɗu ba ne. Idan kuɗinki bai kai zubi na takwas ba, tunda farashi yana bin dala, to zubi na shida ko na bakwai mai SSD zai ɗauki Word da Excel da SPSS ba tare da wahala ba, sai dai ki saya kina sane da wannan naƙasu, kuma ki nemi ragi saboda shi.

Maganar 1TB kuwa, kada yawan ya ruɗe ki. Galibi tsohon rumbu ne mai faifai da ke juyawa a ciki, mai jinkirin tashi, wanda faɗuwa ɗaya daga kan benci ko jijjigar Keke Napep a hanyar Gubi na iya lalata shi da aikinki gaba ɗaya. SSD ba ta da abin da ke motsi, kuma 256GB ya ishi ɗaliba, matuƙar ba finafinai za a tara ba. Ram kada ya gaza 8GB, kuma ki tambaya ko ana iya ƙara shi, domin a wasu siraran na'urori narke shi aka yi a jikin babban allon da ke cikin na'urar, ba ya ciruwa.

A irin wannan kuɗin na fi son na'urorin da aka ƙera domin ma'aikatan kamfanoni, wato Lenovo ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook. Ba su da ƙyalƙyali, amma jikinsu yana jure wahala, kuma batir da madannai da sikirin nasu ba sa wuyar samu, ko a nan ko a saƙo daga Kano ko Ikeja.

Sai gwaji, wanda a nan ne mafi yawan masu saye ke gaggawa. Ki ware aƙalla rabin awa a shagon. Ki cire caja, ki buɗe Command Prompt, wato shafin rubuta umarni na Windows, ki rubuta powercfg /batteryreport, sannan ki buɗe fayil ɗin rahoton da zai ajiye. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da yake iya riƙewa yanzu. Idan ya sauko kusan rabi, to ki lissafa kuɗin sabon batir a cikin ciniki, domin a garin da wuta ke zuwa ta tafi, laftof marar batir da akwatin talabijin duk ɗaya ne. Ki buɗe farin shafi ki duba tabo ko layi a sikirin, ki danna kowane maɓalli, ki soka filashi a kowace kafa, ki gwada kyamara da wayafai. Ki buɗe murfin ki rufe sau da yawa, kina sauraron maƙalar. Sannan ki kunna bidiyo na minti goma ki sa hannu a bakin fanka: na'urar da ke huci a shago mai sanyi ba za ta ji daɗin zafin Maris da Afrilu ba, balle ƙurar hunturu ta toshe ta.

Abu ɗaya da gwajin nan ba ya nunawa shi ne kulle. An taɓa kawo mini wata Latitude mai kyau kamar sabuwa. Da muka sake ɗora mata Windows muka haɗa ta da intanet, sai ta fito da sunan wani kamfani na ƙasar waje tana neman ma'aikacinsa ya shiga, mai ita kuwa ba shi da ko rasit. Don haka ki sa mai shago ya shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a gabanki ki tabbatar babu kalmar sirri, ya kuma sake ɗora Windows tana haɗe da intanet kafin ki biya.

Ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal da ke ƙasan na'urar, da rubutaccen alkawarin canji na aƙalla mako guda, wanda zai kuma kare ki idan wata rana aka ce ta sata ce. Kada ki zuba duk kuɗin a kan na'urar. Ki rage wani abu domin caja ta asali da jaka. Tsakanin biyun da aka nuna miki, idan lambar i5 ɗin ta fara da 8, ko kuma ba ta gaza zubin i7 ɗin ba, ita za ki ɗauka.