Ga ƙanena mai son zuwa Kumasi jan pragya

Ƙanena na ga saƙonka, wai in nemo maka pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ka fara ja, lasisi kuma sai daga baya tunda ka iya tuƙi. To ni ba zan ba ka makulli ba sai ka riƙe lasisin DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi ta Ghana, a hannu, ko Hajiya ce ta kira ni haka zan ce mata.

Ku a gida kun ɗauka in aka buge mutum ya mutu, a ce tsautsayi ne, manya su je gaisuwa, a yi maganar diyya ko a yafe, shi ke nan. Nan ba haka ba ne. Dokar laifuka ta Ghana ta 1960, wadda suke kira Act 29, ta ce wanda ya jawo mutuwar wani ta hanyar cutarwa da doka ta hana ya yi kisa ko da bai yi niyya ba, in sakaci ne kuma sai a duba ko ya kai na wanda bai damu da ran mutane ba. Ka kutsa cikin cunkoson kasuwar Kejetia da gudu burki ba ya ci kuma ka sani, ko ka sha ƙwaya ka hau titi, ai ka riga ka ba lauyan gwamnati hujja. Laifin yana sahun manyan laifuka na farko, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai, kuma gwamnati ce ke ƙara, dangin mamacin ko sun ce sun yafe duniya da lahira ba su da ikon rufe fayil ɗin.

Wani yaron garinmu da ke zaune a unguwar Aboabo nan Kumasi haka ta same shi, ya take wata tsohuwa mai tallan borode, wato ayabar suya. Beli ya samu amma wa zai tsaya wa baƙo? Ni na yi ta jigilar abinci zuwa kurkuku, na biya lauya daga aljihuna, ƙarshe danginsa suna can suna yaɗa wai na cinye kuɗin da suka turo, wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Kekunan da nake da su da gumina na saye su, duka da inshora da takardu. In ka zo za ka zauna shago a unguwar Asawase tukuna har lasisin ya fito, in ka yarda ka gaya mini in turo kuɗin mota.