Malam ya ce in rarraba teburina, me ya sa?

Tambaya: Salam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen kwamfuta. An ba mu aikin haɗa rumbun bayanai na rajistar ɗalibai, sai na zuba komai a tebur ɗaya kamar Excel, suna, lambar waya, kwas, sunan lakcara, amma malaminmu ya dawo min da shi wai in rarraba. Ni dai ban ga laifinsa ba tunda yana aiki. Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata. Yana aiki yau ne kawai, bari bayanai su taru ki sha mamaki. Kin ga ɗalibin da ya ɗauki kwas 8, sunansa da lambar wayarsa sai kin rubuta sau 8, to ranar da ya canja layi kika gyara wuri 7 kika manta ɗaya, shikenan rumbun ya zama mai baki biyu, ba wanda ya san wacce lamba ce ta gaskiya. Wani abin ma ya fi wannan, in ɗalibi ɗaya tak ya yi rajistar wani kwas kuma ya bar makaranta kika goge shi, kwas ɗin da lakcaransa duk sun bi shi.

Irin wannan ciwon kan ne tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970 yake magancewa, kowane bayani a ajiye shi wuri ɗaya, tebura su riƙa jingina da juna. Wannan tsarin ne manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL suke bi har yau.

Ke dai yi tebur uku: na ɗalibai, na kwasa-kwasai, sai na rajista. A na ɗalibai lambar rajistar ɗalibi ce babban makulli, wato abin da ke bambanta kowane ɗalibi da sauran, don ba ta maimaituwa, dan Allah kar ki sa suna, aji ɗaya ma sai ki samu A'isha huɗu, lambar waya kuwa yau MTN gobe Airtel. Teburin rajista ba ya buƙatar komai sai lambar ɗalibi da lambar kwas da maki, lambobin biyun su ne makullan da aka aro daga teburin ɗalibai da na kwasa-kwasai. In kina son ganin komai a jere kamar na da, umarnin JOIN a SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, zai haɗo miki su.

Ki fara zana su a takarda da biro kafin ki taɓa kwamfuta, ki kai wa malam ya gani tukuna.